Ka Ƙara wa Motarka Tsayi? Duba Matakala da Jak Kafin Ka Kama Hanya

Direban da ya saba da rairayin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko mai ratsa ƙauyukan fadama da damina, ya san dalilin da ya sa ake ƙara wa mota tsayi. Hilux ko Land Cruiser, irin waɗanda mutanen Nijar ke kira kat-kat, in aka canza musu sifirin da shoka aka sa manyan tayoyi, cikinsu ya daina gugar ƙasa. Sai dai ɗagawar tana jawo abu biyu da ba kasafai ake tuna su a gareji ba: hawa motar ya zama aiki, jak ɗin da ya zo da ita kuma ya gajarce.

Na biyun ne ke ba mutum kunya. Taya ta yi faci a daji, yaron mota ya sa weji, ya kafa jak a ƙarƙashin shasi, ya yi ta murzawa har ya ƙure. Jikin mota ya tashi, taya kuwa tana nan daram a ƙasa. Abin da ya faru shi ne, in aka ɗaga shasi, sifirin saki yake yi, ƙafar ta ci gaba da bin ƙasa har sai ya miƙe iyakar miƙewarsa. Dogon sifirin ya fi sakin nan, ga shasin ma ya ƙara nisa da ƙasa, don haka tsawon jak ya ƙare tun taya ba ta motsa ba.

Maganin wannan shi ne a ɗaga ƙafar kanta. Canza sifirin ba ya ƙara wa aksil na baya nisa da ƙasa, taya ce kaɗai ke yin haka: in ta fi tsohuwar tsayi da inci 2, aksil ya hau da inci 1 kacal. Saboda haka jak mai amfani da mai, wanda ke kama da kwalba, in aka kafa shi ƙarƙashin aksil kusa da mazaunin sifirin, bugu kaɗan taya ta bar ƙasa. Land Cruiser samfurin 70, da Toyota ke ƙerawa tun 1984, aksil ɗinta sanda guda ce gaba da baya, don haka dabarar tana ci ko ta ina. Hilux ta zamani kuwa kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, sai a bi wurin da littafin motar ya nuna. Wajen saye a auna abu biyu: jak ya iya shiga ƙarƙashin aksil lokacin da taya ta kwanta, ya kuma kai tsayin da cikakkiyar safaya za ta shiga.

Matakalar gefe iri uku ce, kuma saninsu ya shafi jak kai tsaye. Akwai ta kamfani, ta alminiyam ko roba, wadda nauyin mutum kaɗai aka yi ta dominsa. Akwai ta bututun ƙarfe mai ƙyalli, wani lokaci da ɗan mataki da ya sauko ƙasa. Tana taimakon dattawa da mata masu zane, amma tana cinye tsayin da ka kashe kuɗi ka samu, kuma ita ce farkon abin da dutse ko kututture zai kama. Ta uku ƙarfe ne mai kauri da ake ɗaurewa a jikin shasi, aikinsa na asali kare ƙasan ƙofofi daga duwatsu. In an faɗaɗa samansa an sa faranti mai ƙurji-ƙurji, ya zama matakala. Wannan ta ukun ce kaɗai ke iya ɗaukar nauyin mota. Wanda ya kafa jak a ta farko ko ta biyu, zai ga ta lanƙwashe ta haɗa da ƙasan ƙofa.

In mai walda ne zai ƙera maka ita, tsaya a kansa ka ga inda ya ɗaure ta. Bututun birki da na mai da wayoyin wuta duk ta jikin shasi suke bi. A cire kan batir kafin a kunna walda, kuma ɗauri da noti a ramukan da ke akwai ya fi sabon huji.

Sai dogon jak ɗin nan mai sandar ƙarfe da ramuka a jere, da ake gani ɗaure a bayan motocin sahara. Sanannensa shi ne Hi-Lift, da wani kamfani ke yi a garin Bloomfield na jihar Indiana a Amurka, ƙirarsa kuma tun 1905 take. An fi sayen mai inci 48 da mai inci 60, nauyin da aka ƙayyade masa kuwa ya ɗan haura tan 2. Gwaninta tasa fidda mota daga kafewa ce: a ɗaga ta, a cusa duwatsu ko faranti ƙarƙashin taya. Amma sai ya sami inda zai kama, wato bamba ta ƙarfe ko matakala ta uku. Motar da robobi suka kewaye ta, ɗaukarsa kaya ne kawai.

Haɗarinsa ba na wasa ba ne. Gindinsa ƙarami ne, mota na iya gocewa ta faɗi gefe. Wajen saukewa kuma, in hannun jak ɗin ya kuɓuce, da ƙarfi yake dawowa sama, yana iya fasa haɓa. Riƙe shi da hannu biyu, kada kanka ya shiga tsakanin hannun da sandar. Ƙura tana hana ƙusoshinsa motsi, don haka a wanke, a ɗiga mai.

A rairayi ko taɓo akwai kuma jakar iska, wadda ake haɗawa da salansa hayaƙi ya hura ta. Faɗinta yana hana ta nutsewa, amma ƙaya, ƙarfe mai kaifi da zafin salansa abokan gabanta ne.

Ko wanne ka ɗauka, ƙa'idar ɗaya ce: birkin hannu, giya, weji, da katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak. Bulo ba ya wannan aiki, farfashewa yake yi. A sassauta noti tun taya na ƙasa, a kwantar da safaya ƙarƙashin shasi don ko-ta-kwana, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da motar ta dawo daga gareji, loda mata kaya yadda ka saba, ka sace iskar taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya a ƙofar gida, ka canza su da kayan aikin da ke cikinta. Abin da ya gaza a nan, mai faci na kusa.