Karatun lissafi cikin hutun damina

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kun sani ƙarshen watan Yuni ake rufe lakwal. Ƴan kolej da ƴan lise su komo gida hutu. Ba su komawa aji sai Oktoba. Wata 3 ke nan, kuma watannin nan su ne na aikin gona. Amma sai ka ji yaro ya ce ma ubansa: akwai karatun lissafi cikin hutu, ina son in shiga. Uba ya yi mamaki. Wata 9 yaro na zaune aji, sai yanzu da haki ya taso zai ce bai ƙoshi da karatu ba? Tambaya ce mai kyau. Bari mu duba ta tare.

Mine ne karatun hutu?

Masu jin faransanci na ce da shi kur da bakans. Ba doka ba ce, babu wanda ake tilasta ma shiga. Wani wuri malaman lakwal ke shirya shi, iyaye su biya. Wani wuri kuwa ɗaliban jami'a ƴan gari, idan sun zo hutu, su ke tara ƙannensu su koya musu. Ana yin faransanci da kimiyya, amma lissafi shi ne kan gaba. Ga dalili.

Lissafi kamar ginin katanga ne. Ana ɗora tubali bisa tubali. Idan yaro bai riƙe darasin tarihi na bara ba, yana iya jin na bana. Lissafi ba haka ya ke ba. Wanda bai iya rabawa ba, ba zai gane rabi da sulusi da rubu'i ba. Wanda bai gane waɗannan ba, in an kawo lissafin haruffa sai ya ɓace sarai. Cikin aji mai yara da yawa, mushe ba ya da lokacin komawa baya don yaro guda. Yaron kuma kunya ta hana shi tambaya. Haka rami ƙarami na aji na farko ke zama kwazazzabo a aji na 4.

Kolej aji 4 ne, a ƙarshensa ake jarrabawar birebe. Lise aji 3 ne, a ƙarshensa ake jarrabawar bak. Ana ba da sakamako bisa 20, kuma sai yaro ya haɗa 10 ake cewa ya ci. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba. Lissafi na cikin masu nauyi. Misali, a ce nauyinsa 3 ne. Yaro ya samu 6 bisa 20. Saura 4 ya kai 10. To 4 sau 3, 12 ke nan. Maki 12 zai nema wajen sauran darussa kafin ya cike gurbin. Yaro mai ƙoƙari ga komi yana iya maimaita aji saboda lissafi kaɗai. Wanda ya yi ta maimaitawa kuma, kora ke jiransa.

A lise ana raba yara. Akwai sashen A na adabi da harsuna. Akwai sashen C da sashen D na lissafi da kimiyya. Ta C da D ake bi a zama likita, ko injiniya, ko masanin noma da dabbobi. Yaron da lissafi ya kada, wannan ƙofa ta rufe gare shi.

Abin da su ke koyo ba baƙo ba ne

Kada ku ga haruffa da zane-zane cikin kayen yaro ku ce wannan abin nasara ne. Yawancinsa kuna yin shi da ka.

Mace ta je kasuwa. Ta sayi wake tiya 3 da sabulu na dala 40. Duka ta biya dala 400. Nawa ne tiya guda? Za ku ce: a fidda 40 cikin 400, saura 360. A raba 360 gida 3, tiya ta kama dala 120. Daidai ne. Yaron kolej shi ma haka ya ke yi, sai dai kuɗin tiyar da ba a sani ba ya ke ba suna x. Amma ku lura da wahalarsa. Gida da dala ake ƙirga. Lakwal da tamma ake ƙirga, kuma da faransanci. Dala 1 tamma 5 ce. Dala 400 ta gida ita ce 2.000 cikin littafi, wato jikka 2. Sau da yawa ba lissafin ne ya fi ƙarfin yaro ba, harshen ne. Shi ya sa malamin hutu da ke fassara ma yara da hausa in sun kasa ganewa, ni a ganina ya fi wanda ke cika allo da rubutu.

Ga wani. Rediyo ta ce an yi ruwa milimeta 20. Mi ke nan? Milimeta 1 lita 1 ce bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Hekta guda tana da irin wannan fili 10.000. Ashe ruwan milimeta 20 lita 200.000 ne bisa hekta. Tano mai cin lita 200, sai an cika shi sau 1.000. Yaron da ya iya wannan zai iya auna taki da iri da maganin ƙwari.

Magina ma na da nasu. A ɗauki igiya mai mita 12. A kafa turaku 3, tsakaninsu mita 3, da mita 4, da mita 5. Kusurwar da ke tsakanin gefen mita 3 da na mita 4 za ta fito sak, ɗaki ba ya karkacewa. Dalili: 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun haɗa 25, shi ne 5 sau 5. A kolej ana kiran wannan ƙa'idar Pitagor, sunan wani masanin ƙasar Girka na zamanin da.

To, gona fa?

Nan ne maganar ta ke. Hannun saurayi mai shekara 16 ba abin wasa ba ne lokacin noman farko da maimai. Gidan da ya rasa shi ranar da haki ya rufe hatsi ya yi asara. Babu mai cewa a bar gandu don alli da allo. Amma karatun hutu ba ya bukatar wuni guda. Awa 2 sun isa, sau 3 ko 4 cikin mako. Yaro ya tafi gona da safe, ya zauna karatu bayan azahar ko bayan la'asar. In an ƙare maimai aiki na raguwa kafin girbi. A lokacin sai a ƙara masa. Kaɗan kaɗan kullum ya fi karatun dare da rana na mako guda gab da komawa lakwal.

Ƴan mata su ne aka fi mantawa. Yaro ya dawo gona ya huta. Yarinya ta dawo, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga kai abinci, ga talla. Ita ma jarrabawa ɗaya za ta zauna da shi, tambaya ɗaya za a yi musu. Uwaye mata, ku rage mata aiki awa 2 ɗin nan.

Wasu na aika yaro birni wajen dangi don karatun hutu. In akwai mai koyarwa kusa, gara ya zauna gida. Kuɗin mota da na abinci sun ragu, gona ba ta rasa shi ba, idonku kuma na bisansa. Yau akwai jami'a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ban da ta Yamai. Gari da yawa na da ɗalibi da ke zuwa hutu. Iyaye su taru su same shi su yi magana. Ƙungiyar iyayen ƴan makaranta ta roƙi darakta ya buɗe aji guda. Abin da za a ba mai koyarwa a yanke shi tun farko, ko kuɗi ko hatsi bayan girbi.

Jami'ar Yamai ɗin nan sunan Abdu Mumuni ta ke ɗauke da shi. An haife shi Tasawa cikin 1929, ya rasu cikin 1991. Masanin kimiyya ne, ya yi aiki mai yawa bisa amfani da zafin rana. Da lissafi ya yi aikin nan.

Yadda za ku gane karatu na kirki

Ba duk mai buɗe aji cikin hutu ne ke da amfani ba. Akwai mai neman kuɗi kawai. Ko ba ku jin faransanci kuna iya ganewa. Malamin kirki yana fara gwada yaro don ya ga inda ramin ya ke. Yana komawa ga darussan bara kafin ya taɓa na baɗi. Wanda ya ce zai ƙare littafin aji na gaba cikin wata guda, ku yi hattara da shi. Ku tambaya yara nawa ne cikin ajin. In sun cika maƙil kamar na lakwal, yaronku zai sake ɓuya a baya.

Ku riƙa buɗe kayen yaro. Ku duba kwanan wata, tunda kun iya karanta lamba. Ku duba ko yaron da kansa ya yi aiki, ko kwafe allo kawai ya yi. Ku duba ko malami ya gyara da jan biro. Lissafi da hannu ake koyonsa, kamar riƙon hauya. Mai kallo ba ya iyawa.

Bayan mako 2 ku gwada shi da kanku. Ku ba shi lissafin waken nan, ku sake lambobin. Ku ce ya faɗa muku amsa da dala, ya rubuta ta da tamma, ya kuma bayyana muku da hausa yadda ya yi. In ya kasa, ku je ku ga malamin tun kafin ku biya kuɗin wata na 2.