Babi na Bakwai: Ina Jinin Yake Tafiya?

A unguwar Adjamé Mairie, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama, ana maimaita wata magana tsakanin mata har ta zama kamar karatu: wai allurar tazarar haihuwa tana tara jinin al'ada a mahaifa, ya daskare, wata rana ya zama ƙari. Wannan magana tana ba ni haushi, domin ta sa mata da dama sun bar allura cikin fargaba, ciki ya shiga alhali goyo bai yi ƙwari ba.

Jinin al'ada ba ajiyayye ba ne. Kowane wata mahaifa tana shimfiɗa wa kanta rufi mai taushi don karɓar ciki. Idan cikin bai zo ba, rufin ya zube. Allurar wata uku, Depo-Provera ko ƙanwarta Sayana Press, tana hana ƙwai fita, tana kuma hana rufin yin kauri. Abin da ba a shimfiɗa ba, me zai taru? Mai shayarwa takan yi watanni ba ta ga jini ba, kuma babu kakar da ta taɓa cewa jininta ya daskare. Kusan rabin masu allurar kan daina ganin al'ada bayan shekara guda, lafiyarsu ƙalau.

Watannin farko ne masu wahala: ɗige-ɗige ba lokaci, yau ya tsaya, jibi ya dawo. A nan damuwar Bahaushiya ta wuce ta likita, domin tambayarta sallah ce da azumi da shimfiɗar miji. Duk wadda ta karanta Ahalari ta san haila a mazhabar Malikiyya ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallah. Da ungozomomi sun riƙa faɗin wannan kafin su tsira allura, da hankalin mata da yawa ya kwanta.

Jinin da ya ninka na kullum ko ya wuce kwana 8 kuwa, ba na zama a gida ba ne. A koma inda aka yi allurar, ko asibitin ƙungiyar AIBEF, ko babban asibitin Treichville, akwai magani.

Haihuwa tana dawowa, amma ba da gaggawa ba. Wata sai ta kusa shekara da allurar ƙarshe kafin ta samu ciki, don haka mai son haihuwa baɗi ta daina tun bana.