Alamar # Da Amfaninta Ga Masu Zane

Ba makarantar da za a rasa ɗalibai masu baiwar zane. Wani da fensir kaɗai zai zana doki, ka ga kamar zai yi haniniya. Amma sau da yawa wannan baiwa a bayan littafin lissafi take ƙarewa, domin ba mai ganinta sai 'yan aji. Ga shi kuwa masu buga littattafai da masu tallace-tallace kullum neman masu zane suke yi. To, yaya mai nema da wanda ake nema za su haɗu? Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce wata 'yar alama mai kama da gidan dara, watau #, wadda ake kira hashtag ko alamar maudu'i.

Da farko dai, bari mu ga yadda take aiki. A kasuwa kowane kaya da layinsa. Mai neman tabarma ba zai nufi layin 'yan goro ba. Haka abin yake a shafukan sada zumunta. Idan mutum ya sa hoton zanensa, sai ya rubuta # ya manna mata kalma, ba tare da barin fili a tsakani ba. Duk wanda ya taɓa wannan kalma, ko ya neme ta, za a jero masa hotunan da aka sa mata. Ashe ke nan alamar ita ce layin da mai zane ya zaɓa ya baza kolinsa.

Wani Ba'amurke mai suna Chris Messina ne ya kawo shawarar yin amfani da ita a Twitter cikin watan Agusta na 2007. Instagram ta karɓe ta a 2011, Facebook kuma a 2013. Twitter ɗin ce aka sauya wa suna zuwa X a 2023.

Masu zane ba su yi sanya ba wajen cin moriyarta. A 2009 wani mai zane a Amurka, Jake Parker, ya ɗaukar wa kansa yin zane ɗaya da tawada kowace rana cikin watan Oktoba, watau zane 31, don hannunsa ya faɗa. Abin ya bazu da sunan #Inktober, har ya zama al'adar shekara-shekara a ƙasashe da yawa. A 2017 kuma Annabelle Hayford, wadda asalin iyayenta Gana ne, ta ƙirƙiro #DrawingWhileBlack domin baƙaƙen fata masu zane su nuna ayyukansu, masu ba da aiki su san da su. A Nijeriya ma an yi #WeAreNigerianCreatives a 2018, inda matasa suka yi ta baje kolin fasaharsu.

Akwai wata alama, @, wadda ba a so a rikita ta da wannan. Ita mutum ɗaya take kira da sunansa. A 2019 wani matashi daga Kaduna, Eli Waduba, ya zana ɗan wasan Amurka Kevin Hart da fensir, ya sa a Twitter tare da ambaton sunansa. Jama'a suka yi ta yaɗawa har ya gani, ya ce zai saya. Amma mu lura, kyan aikin ne ya sa mutane suka yaɗa.

Wanda zai gwada, ga abubuwa huɗu da ya kamata ya kiyaye. Na ɗaya, ya zaɓi kalmar da ta dace da aikinsa. Babbar kalma irin #art cunkoso gare ta, kafin ƙiftawar ido hotonsa ya nutse. Gara wadda ta faɗi irin zanen, ko kayan aikin, ko garin da yake. Na biyu, kada ya yawaita. Shekaru da dama Instagram ta yarda a sa har 30, amma tulin kalmomi bai taɓa gyara zane ba. Kaɗan masu ma'ana sun fi. Na uku, ya ɗauki hoton a wuri mai haske, ya kuma rubuta bayani da kalmomi sosai a ƙasansa. Dalili kuwa, kiɗa ya canza: a Disamba 2024 Instagram ta daina barin mutane su bi alamar maudu'i kamar yadda suke bin mutum, kuma na'ura ce ke zaɓar yawancin abin da kowa ke gani. Na huɗu, ya sa hannu a jikin zanen inda ba za a yanke ba, ya adana na asali a gida, domin kasuwa ba ta rasa ɓarayi.

Iyayenmu kuma akwai nasu aikin. Dokar Instagram da Facebook ita ce sai yaro ya kai shekara 13 kafin ya buɗe shafi. Idan baƙo ya turo saƙo yana son a yi masa zane, ya kamata babba ya shiga maganar, a yi ciniki, a karɓi kafin alƙalami tukuna. Kada yaro ya ba da adireshin gida, kada kuma ya biya wanda ya ce zai tallata shi.

Daga ƙarshe, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, alamar # hanya ce kawai ta zuwa kasuwa. Wanda ya je da kaya masu kyau shi zai dawo da riba. Saboda haka mu fara da fiƙe fensir, mu riƙa zane kullum ba tare da sakin karatu ba. Sannu ba ta hana zuwa.