Tantanin da Ke Tsaron Ƙwayar Halitta

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu lulluɓe take da wani tantani wanda kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba. Maiƙo ne ninki biyu, da furotin iri-iri a cikinsa. Iskar oksijin tana ratsa maiƙon kai tsaye, amma gishiri da sukari sai ta ƙofofin furotin.

A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sinadarin sodiyam na cikin gishiri sai tare da sukarin gulukos. Suna shiga, ruwa ya bi bayansu. Shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton yaron da gudawa ta tsotse. Iyaye, kada a haɗa shi babu sukari, kuma a bi awon da ma'aikatan lafiya suka faɗa.