Farfelar gorar roba: wasan yara da iska ke juyawa a tsakar gida

Uwargida, leƙa bayan ɗakin girki ki ƙirga gorunan lemo da na ruwa da suka taru. Wasu za ki ɗura zoɓo ko kunun aya, sauran kuma suna nan yashe. Da damina ruwa ya kwanta a cikinsu, sauro kuwa kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo. Ki ware guda uku ko huɗu, ki tara yara ranar Asabar ku yi farfelar da za ta riƙa juyawa a jikin darbejiya ko bakin baranda.

Kafin komai, ki shinshina gorar. Duk wadda aka taɓa zuba fiya-fiya, kananzir ko maganin feshi, ba ta shiga wannan wasan ko da an wanke ta sau goma. A wurin aiki na sha karɓar yaran da suka kurɓi kananzir daga gorar lemo suna zaton abin sha ne, shi ya sa ba na sassauci a nan. Ki ɗauki wadda kika san abin da ya fito daga cikinta, ki ba yara su wanke da sabulu, su ɓare takardar jiki.

Yanka aikinki ne, ba nasu ba. Ki ja layuka 8 daga kafaɗar gorar zuwa kusa da gindinta, ki tsaga da almakashi, kada ki raba sama da ƙasa. Sai ki danna ta daga sama, tsagin ya buɗe kamar fitila, ki lanƙwasa kowane reshe a karkace domin iska ta samu wurin turawa. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda murfin da tsakiyar gindin, ki zura waya mai ƙarfi ta ratsa, ki naɗe bakinta. A kan wayar nan gorar za ta yi ta juyawa. Ki ƙara ƙananan huji biyu a ƙasa don ruwan sama ya tsiyaye, in ba haka ba kin rataye wa sauro gida ne kawai.

Daga nan fagen nasu ne. Su shafa fenti, su ɗaura ƙyallayen da tela ya zubar, su jera murafai a zare su riƙa ƙara idan iska ta kaɗa. Kada ki gyara musu kala. Ko ta fito kamar an watsa miya, tasu ce. Sai dai ki kau da murafai daga gaban ɗan da bai kai shekara 3 ba, don komai baki yake kaiwa. Gefen roba kuma yana yanka kamar reza. Idan ya yanki yatsa, ki danne da tsumma mai tsabta, ki wanke da ruwa da sabulu, ki rufe. In ya yi zurfi ko jini ya ƙi tsayawa bayan minti 10, ku tafi asibiti.

Ki rataye ta inda hannunsu ba ya kaiwa, nesa da murhu da wayar lantarki. Bayan 'yan watanni rana za ta sa robar ta fara farfashewa. Ki sauke ta ki haɗa wa masu sayen roba. Kada ki jefa a wuta, hayaƙinta na tayar wa yara da tari, balle mai asma.