Kimiyyar da ke Cikin Adon Bangon Ƙasa a Birnin Zariya

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Jatau, ya kutsa cikin lunguna, yakan ci karo da ragowar tsofaffin zaurukan da aka yi wa fuskokinsu ado mai tudu da kwari: ga dagi, ga takobi, wani wurin har da keke ko agogo. Ba da dutse ko itace aka sassaƙa waɗannan siffofi ba. Da ƙasar da aka gina bangon aka fitar da su, tun tana ɗanya. Abin tambaya shi ne, me ya hana ruwan damina ya wanke su?

Haɗin Ƙasa

Ƙasar gini ta ƙunshi laka da yashi da tsakuwa. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ainun, kuma idan suka jiƙa sukan manne da juna, wato su ne ke riƙe sauran. Amma laka zalla takan tsuke idan ta bushe, sai ta tsattsage. Yashi ne ke rage wannan tsukewa. Haka kuma magina sukan zuba ciyawa a cikin kwaɓin, a tattake, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa. Zaren ciyawar yana ɗaure ƙasar kamar yadda rodi ke ɗaure kankare. Bayan an jera tubali an yi yaɓe, sai magini ya ɗora ƙasa mai laushi, ya fitar da siffa da yatsunsa.

Maganin Ruwa

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa. Don haka ake shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Makuba na ɗauke da sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke amfani da ita, yana kuma rage shigar ruwa. Akwai kuma laso: a ƙona katsin marina a dake shi, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Idan ya bushe yakan yi tauri kamar siminti.

Babban Gwani

Wannan fasaha ta kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Da ƙasa da azarar giginya ya tayar da bakan gizo masu ɗauke da rufi, ya kuma ƙawata ginshiƙai da zane mai zurfi. Har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin, an kuma gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihi na Jos.

Zuwan Siminti

Daga tsakiyar ƙarni na 20 magina suka fara yin zane a kan shafen siminti, suna ƙara masa fenti. Sai dai siminti da ƙasa ba su cika jituwa ba. Zafin rana ba ya buɗa su daidai wa daida, sa'an nan laimar da ta shiga bayan siminti ba ta samun hanyar fita. A hankali ƙasar ciki ta yi laushi, shafen ya ɓamɓare, adon ya tafi tare da shi. Ta haka, da kuma rushe tsofaffin gidaje don ginin bulo, birnin ya yi asarar zane mai yawa, masu sanin haɗin kuma suna ta raguwa.

Gwaji Don Ɗalibai

Malamai na iya nuna wannan a makaranta. A yi tubali uku: na laka zalla, na laka da yashi, da na laka da yashi da ciyawa. A shanya su mako guda, a ƙirga tsagar kowanne. Sa'an nan a shafa wa ɗaya makuba, a yayyafa musu ruwa daidai da juna, a rubuta abin da aka gani. Ɗalibin da ya yi haka zai gane cewa magina sun daɗe suna gwaji, ko da yake a jikin bango suka rubuta sakamakonsu.