Siffofin Tauraron TRAPPIST-1: Nazari a Kan Wadan Tauraro Mai Dusasshen Haske

1.0 Gabatarwa

Yawancin taurarin da ke sararin samaniya ba sa ganuwa ga ido. Mafi rinjayensu ƙanana ne, jajaye, masu raunin haske, waɗanda masana ilimin falaki ke kira jajayen wadanni. Wannan maƙala ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato TRAPPIST-1, domin bayyana siffofinsa da kuma dalilin da ya sa auna su daidai ya zama wajibi.

2.0 Mazauni da Nisa

Tauraron yana cikin burjin Dalwu, a nisan kimanin shekarun haske 40 daga duniya. Shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ratsawa cikin shekara guda, wato kusan kilomita tiriliyan 9.46. A ma'aunin hasken taurari, inda ƙaruwar lamba ke nuna raguwar haske, yana da daraja 18.8, alhali iyakar ganin ido ita ce daraja ta 6. Ke nan ya gaza tauraro mafi dusashewa da ido ke gani da fiye da ninki 100,000.

3.0 Nauyi, Girma da Zafi

Nauyinsa bai wuce kashi 9 cikin ɗari na nauyin rana ba, faɗinsa kuwa kimanin kashi 12 cikin ɗari, wato ya ɗara Mushtari kaɗan. Sai dai ya ninka Mushtari nauyi fiye da sau 90, abin da ke nuna tsananin cunkushewar jikinsa. Da nauyin ya gaza haka kaɗan, da bai iya ƙona iskar haidurojin a cikinsa ba, da kuma bai cancanci sunan tauraro ba.

Zafin samansa kusan digiri 2,570 ne a ma'aunin Kelbin, na rana kuwa kusan 5,770. Wannan sanyi ne ya ba shi launin ja, ya kuma sa hasken da yake fitarwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na hasken rana ba. Akasarin hasken ma infirared ne, wanda ido ba ya gani. Saboda yana cin makamashinsa sannu a hankali, an ƙiyasta zai rayu shekaru tiriliyoyi, alhali wa'adin rana bai wuce kimanin biliyan 10 ba.

4.0 Muhimmancin Awon

A shekarar 2016, ayarin Michaël Gillon na Jami'ar Liège ta ƙasar Beljiyam ya sanar da gano duniyoyi uku da ke kewaya tauraron. A 2017 adadin ya kai bakwai. Ana gano su ne ta raguwar hasken tauraron yayin da suka gifta ta gabansa, kuma daga girmansa ake lissafa girmansu. Don haka duk kuskuren da aka yi wajen auna shi zai shafi duniyoyin bakwai baki ɗaya.

Raunin haskensa kuma ya sa yankin da ruwa zai iya zama bai daskare ba yana dab da shi. A nan ne hatsarin yake, domin tauraron yakan yi tartsatsin wuta mai iya kwashe iskar da ke lulluɓe da duniyoyin. A 2023, na'urar hangen nesa ta James Webb ta nuna cewa mafi kusa da shi ba ta da iska mai kauri.

5.0 Kammalawa

Yiwuwar rayuwa a waɗannan duniyoyi ta dogara ne ga nauyin tauraron da zafinsa da yawan tartsatsinsa. Ganin cewa irinsa ne suka fi yawa a sararin samaniya, amsar da aka samu a kansa za ta shafi taurari masu ɗimbin yawa.